Ranar da Tsintsiya Ya Aske Gashin Bakinsa

Mai askin layinmu Tsintsiya muke ce masa, saboda gashin bakinsa. Shekara talatin yana aske na mutane, nasa ko warin almakashi bai taɓa ji ba. Ya rufe leɓen sama ruf, shayi ma sai ya bi ta mataci kafin ya isa baki. Shagonsa kujera ɗaya ce mai juyawa wadda ta daina juyawa, sai madubi mai tsaga a kusurwa da fanka mai kukan akuya. Matarsa takan ce ita har yau rabin miji take gani.

Jikin shagonsa akwai tela. Matar telan ta haifi ɗa namiji, leɓensa na sama a tsage ta hagu har cikin ganɗa. Yaro ba ya iya kama nono, ɗan abin da ya shiga baki sai ya dawo ta hanci. Sati uku yana ramewa. Ungozoma ta ce a kai shi asibiti, tela ya ce ba zai kai ɗansa a yi kallo ba, ya rufe ƙofa har ga 'yan barka.

Ran nan tela ya shigo aski, ya zauna kamar an jiƙa shi.

"Angon ƙarni, ka ɓoye mana ɗa," in ji Tsintsiya.

"Bar ni, maƙwabci. Kaf danginmu ba a taɓa yin irinsa ba. Ni ban ma taɓa gani ba."

"Ina za ka gani, kai da wuyan riga kake kallo? Ni leɓe nake kallo. A kujerar nan na ƙirga mutum goma sha ɗaya masu ɗinki a leɓe, takwas ta hagu. Wani likita da nake yi wa aski ya ce a jarirai kamar ɗari bakwai akan sami ɗaya, kuma maza sun fi samu. Na ce ai ni shaida ne."

"Mata nawa ka taɓa yi wa aski?"

"Kai dai ka ji magana."

"To su wane ne sha ɗayan?"

"Mai aski ba ya tona abin da gashi ya rufe."

Tela ya yi tsaki zai tashi. Tsintsiya ya danne masa kafaɗa, ya juya ga madubi, ya kunna injin aski. Shara biyu, gashin shekara talatin ya zube a kan silifas ɗinsa. Ga tabo nan siriri, daga hancin hagu zuwa leɓe.

"Ga na sha biyu. Uwata da cokali ta shayar da ni, a zaune a cinyarta. Ina wata shida aka ɗinke."

Tela ya matso ya ƙura ido, irin kallon da yake wa aikin wani telan.

"Ɗinkin ya ɗan karkace."

"Shekara hamsin bai warware ba. Wandon da ka ɗinka min sati biyu ya yi."

Washegari da safe aka ga tela da matarsa sun fito da yaro a tawul, Tsintsiya a gaba yana tare musu mota, iska na kaɗa masa leɓe. A asibiti aka koya wa mai jego yadda za ta ba shi nono da ƙaramin kofi, aka ce su dawo ɗinki idan ya yi nauyi. Yanzu kumatunsa sun fara cika.

Matar Tsintsiya kuwa ta dubi sauran rabin mijin nata da kyau, ta ce ya mayar da gashin.