Sa Hannun da Sista Rifkatu Ta Hana Malam Sale

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mijina Malam Sale, wanda mutanen Dagenham suka fi sani da Baba Maharbi. Ba zan cika ku da yabo ba. Mutum ne mai taurin kai, ga son gardama, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa wanke kofin shayinsa ba. Allah Ya jiƙansa. Abu ɗaya nake so in ajiye a takarda tun ina da ƙarfin riƙe alƙalami.

Malam jikan maharba ne, daga wani ƙauye a yammacin Zariya. Aikin kamfanin motoci ne ya kawo shi nan Ingila, amma hannunsa bai rabu da bindiga ba. Ya nemi lasisi, 'yan sanda suka zo suka duba kabad ɗin ƙarfen da ya kafe a bango, suka ba shi. Bindigar mai baki biyu ce. Ran Asabar yakan tafi gonar wani Bature a bayan gari ya rage masa kurciyoyi da zomaye masu cinye shuka, ya dawo ya zube mini aikin figa a kicin. Ni ban taɓa son bindigar nan ba. Shekara ashirin da wani abu muna gida ɗaya da ita ban san inda yake ɓoye mabuɗin ba. Doka ta ce kada kowa ya sani sai mai lasisi, shi ma haka ya ce.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin karatun manya na ƙaramar hukuma. Gemu ba ya hana ilimi, furfurar mace ma haka. Ina fara iya haɗa kalma da kalma sai Malam ya mai da ni magatakardarsa. Yana karatu sarai, amma yatsunsa manya ne, in ya taɓa harafi ɗaya uku ke fitowa. Akwai wani zaure a intanet na Hausawan da ke Ingila, inda ake ta musu: a bar mutanen ƙauyukanmu su riƙe bindiga su kare kansu, ko a karɓe ta daga hannun kowa. Bayan la'asar sai ya zauna da shayi yana faɗa, ni ina typing, sau da yawa ina tsaki.

Babbar abokiyar gardamarsa Sista Rifkatu ce, nas 'yar Filato da ke zaune a Deptford. Da bindiga aka kashe ƙanenta a gona. Ra'ayinta ɗaya ne: babu farar hular da ya kamata ya kwana da bindiga a ɗaki, ko a Jos ko a London. Malam ya ce kakansa ya riƙe ta shekara sittin bai taɓa nuna ɗan Adam da ita ba. Ta ce ba kakansa ne ya je gonar ƙanenta ba. Ya ce da ƙanen nata na da ita, da watakila yana raye. Ta ce ko kuma da gawa biyu aka ɗauko. Haka suka yi shekara uku, a zauren da kuma duk inda suka haɗu, suna ko biki. Wasu sun so su mai da abin na addini, Malam ya sa na rubuta musu cewa harsashi ba ya tambayar mutum masallaci yake zuwa ko coci, su koma kan batu.

Lasisin nan duk shekara biyar ake sabunta shi, kuma sai wanda ya san ka ya sa hannu cewa bai ga abin tsoro tattare da kai ba. Abokan masallaci da za su sa masa ido rufe sun fi goma. Ya ƙi. Ya ce a garinsu ba uba ne ke cewa ɗansa ya isa riƙe bindiga ba. Wani maharbi dabam ake kai wa, wanda ba ya jin kunyar gidan, shi zai ce a ba shi ko a hana. Don haka ya ce in rubuta wa Sista. Na ce masa mai neman raba ka da abu ka miƙa wa wuƙa da nama? Ya ce in rubuta kawai.

Ta zo a jirgin ƙasa ran wata Lahadi bayan coci. Ta tambaye shi barcinsa, fushinsa, magungunan da yake sha, kamar mara lafiya a gado. Sannan ta biyo ni kicin ta rufe ƙofa, ta ce, "Mama, ya taɓa ɗaga miki hannu?" Na ce hannu a'a, baki dai kullum. Ta sa hannu. A makon nan kuma ta rubuta a zauren cewa tana nan kan bakanta, a karɓe daga kowa, a fara da Baba Maharbi. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Shekara biyar ta zagayo, Malam ya fara mantuwa. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa, ya fita sayen burodi ya dawo hannu biyu. Wata safiya na shiga ɗaki na ga mabuɗin nan da ban taɓa gani ba, ga shi a jikin kabad yana lilo, jikokinmu na wasa a falo. Ban taɓa shi ba. Na kira Malam na nuna masa, ya ce ba shi ya bari ba. To wa?

A watan ne ya aika wa Sista fom. Ta zo, ta sake biyo ni kicin, na gaya mata komai. Akwai matan da suka ce na tona asirin miji. Su faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jikokina ne a falon, ba nasu ba.

Ta koma ta zauna gabansa, ta ajiye fom ɗin kan tebur.

"Baba Maharbi, wannan karon ba zan sa ba."

"Dama abin da kike nema ke nan tun farko."

"Da shi nake nema, da tun wancan karon na hana ka."

Kwana uku bai yi mini magana ba. Wani abokinsa ya yi waya ya ce ya kawo fom ɗin shi ya sa masa, me ya kai shi wajen wadda ba ta son abin tun asali. Kuma da ya kai masa, da an sa. Ina jin su. Ran na huɗu bayan la'asar ya ce in ɗauko kwamfuta. Abin da ya faɗa ke nan, ina da shi har yau: "Ni Sale na ajiye bindiga. Ra'ayina yana nan ban canza ba. Amma ni na ba Sista alƙalanci, kuma wanda ya zaɓi alƙali da kansa ba ya tsallake hukunci." Shi ya kira 'yan sanda. Da suka zo ya miƙa musu ita a buɗe babu harsashi, bakinta na kallon ƙasa, yadda maharbi ke miƙa wa ɗan'uwansa. Shekara guda bayan nan ya rasu.

Zauren yana nan, nakan leƙa. Kashe-kashe sun ƙaru a gida, zafin baki ya ƙaru a nan. Masu bindiga na kiran waɗancan matsoratan da ke cin dankalin Bature suna wa'azi. Waɗancan na kiran su masu ƙishin jini. Sai a yi blocking, kowa ya koma cikin masu tafa masa. Ana tambayata me Malam zai ce da yana raye. Na daɗe ina rubuta maganarsa ban taɓa ƙara masa kalma ba, ba zan fara yanzu da yake ƙasa ba. An kai wa ƙauyensu hari tun bayansa, ina zaton da ya ƙara tsanani wajen cewa a bar mutane su kare kansu, da ni da Sista mun ƙara tsanani wajen cewa a'a. Amma na san tambayar da zai yi wa duk mai ɗaga bindiga a hoto, don ya yi wa kansa ita: wa ka ba ikon ya hana ka?

Bai ci gardamar ba, Sista ma ba ta ci ba. Ta yi mini waya shekaranjiya, kamar yadda take yi duk shekara. Ta ce tun da ya tafi ba ta sake samun abokin musu ba, sai masu zagi.

Kabad ɗin na nan a bango, cire shi sai an fasa siminti. Daddawa da kuka nake ajiyewa a ciki, ɓera ba ya iya shiga. Mabuɗin kuwa na rataye a ƙusa a kicin, inda kowa ke gani.