Ludayin Mai Fura a Bakin Iyaka

Jiya aka miƙo mini ludayin fura, sai marigayi Malam ya faɗo mini a rai, shi da ya koya mini nazarin halayyar jama'a.

Bayan samun 'yancin kai, ya kai ni wata kasuwa gaba da Bagudo, bakin iyakar Dahomey, in gano wanda mutane ke ɗauka baƙo. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Ai ɗaya muke." Bincikena ya cije.

Malam na zaune a rumfar mai fura, ƙarnin busasshen kifi ya cika wurin. Ya ce, "Ɗana, bar bakinsu, dubi ludayi. Wa ake ɗauraye ma shi?"

Na zuba ido. Mutanen Dahomey da namu suna ta miƙa wa juna ludayin, ba a ɗaurayewa. Da aka zo kaina, mai furar ta ɗauraye.

Allah ya shayar da Malam ruwan Alkausara, kada ya zama baƙo a can.