Gangaren Bakura da na Maradun

Ni Garba nake, mai gyaran agogo a bakin tashar Talata Mafara. Shan-inna ta kama ƙafafuna tun ina yaye, da keken guragu nake yawo. A shekarun da ake aikin dam, wato madatsar ruwa, na Bakolori gine-gine suka yi ta tashi, kowane da matakala. Ɗiyata Hassi ta kwanta kwana uku a wani ɗakin shan magani mai matakala bakwai. Sau ɗaya na hau da rarrafe, mutane na kallo. Sauran kwanakin ta taga nake jin muryarta. Shi ya sa da na ji ana gina sababbin ɗakunan shan magani biyu, a Bakura da Maradun, na ce sai na je.

Litinin: Bakura

Ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba, muka tashi ni da abokina Audu birkila, wanda ya yi aikin siminti a dam. Akori-kura muka shiga, kwabo hamsin kowa. Direba ya dubi kekena.

“Wanga hwa? Shi ma fasinja ne.”

“To ba shi kujerar gaba,” in ji Audu.

Direban ya yi dariya, ya ɗaure keken bisa buhunan albasa kyauta. Tafiyar kamar mil goma sha shida ce. Mun tsaya sau ɗaya a shingen 'yan sanda, suka leƙa suka ɗaga mana hannu. Bakwai saura kwata muna Bakura.

Mun makara: matakala biyar har sun bushe. Bayan doguwar gaisuwa na gaya wa heluman leburori, wani dattijo mai suna Mani, abin da ya kawo ni: a yi gangaren da keke zai iya hawa. Ya ce a jingina katako in gwada. Na murza keke da hannu, na kai rabi, sai gaba ta ɗaga, na koma baya na kife cikin yashi. Wasu suka kwashe da dariya. Mani ya daka musu tsawa, shi da kansa ya kakkaɓe mini riga.

Audu ya ce gangaren ne ya yi tsaye da yawa. Muka yi ta ƙara katako ana tokarewa da bulo, ina hawa ina sauka, har azahar. Da muka kai inda duk tashin ƙafa ɗaya yake cin tsawon ƙafa goma sha biyu, sai ga ni a baranda ba wanda ya tura ni.

“Gobe in zuba shi ta gefen gabas,” in ji Mani. “Ni ma gwiwata ta soma gardama.”

A zaurensa muka sauka. Tuwon dawa da miyar kuka, aka ƙara mana da fura.

Talata: Maradun

Ƙarfe shida muka bar Bakura, don Mani ya ce yau za a zuba matakalar Maradun. A Mafara kasuwa ta ci, mota duk a cike. Sai tara da minti goma muka samu tifar yashi mai zuwa wajen dam. Mutum uku suka ɗaga ni. Daga bisa na hango ruwa ya shimfiɗu inda dā muke zuwa cin rani a gonar kawuna.

Sha ɗaya saura minti biyar muka isa Maradun. An kafa katakon matakala, ana kwaɓa siminti. Ɗan kwangilar, wani Alhaji mai fara'a, ya saurare ni har ƙarshe.

“Malam Garba, na ji ka. Amma zanen daga Sakkwato ya zo. Babu gangare ciki.”

Daidai nan wani lebura ya turo baro bisa falankin katako ya shige ciki.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wanga falanki yana cikin zane?”

“A'a, don baro ne.”

“To baro an yi mishi hanya. Ni ɗan Adam ne, kuma maras lafiya aka yi wa ginin.”

Alhaji ya dubi falankin. Ya ce a dakata da kwaɓi. Audu ya ja igiya ya auna, aka jera katako yadda muka yi jiya.

“Hau mu gani,” in ji Alhaji.

Hannuwana sun yi tsami tun Bakura, amma na yi bisimilla na murza. Leburori suka ajiye shebur. Ban tsaya ba sai bakin ƙofa, nan kuwa tayoyin baya suka maƙale a ginshiƙi.

“Kai!” in ji Alhaji. “A kawo guduma.”

A gabana aka fasa bulo ɗaya, aka mai da ƙofar ƙafa uku cur. Na shige har tsakiyar ɗaki na juyo da kekena. Ihu ya tashi, wata mai tallar fura ta rangaɗa guɗa. Na roƙi abu biyu: ƙarfen dafawa don makafi da tsofaffi, da kada a goge simintin ya yi santsi. Ya ce an yi. Ba mu tashi ba sai da muka ga an zuba, Audu na riƙe da cokalin gini.

Komawa gida

Ƙarfe huɗu da rabi Alhaji ya sa direbansa ya kawo mu, biyar da ashirin muna ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Audu, da Mani da iyalinsa, da Alhaji, da direbobin da suka yi ta ɗawainiya da kekena. Da maiɗakina ta kawo tuwo, da ƙyar hannuna ya kai loma baki. Ta ce, “Sannu, ka jigata.” Na ce mata ban taɓa gajiyar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.