Littattafan Labbo Ƙarƙashin Tukunya

Yayana Labbo manomi ne a wani ɗan ƙauye gabas da Turba, wanda ba za ni faɗi sunanai ba, kun san dalili. Aji huɗu yay yi a firamare, babanmu yac cire shi don gona. Amma aji huɗun nan sun isa su sa mishi ciwon da bai warke ba har yau, ciwon rubutu. Ni ce Sadiƙa, ƙanwatai. Tun da mijina yar rasu nike zaune gidanai, don haka abin da za ni faɗa da idona nig gani.

Ranar kasuwar Isa maza na komowa gida da gishiri da manja, shi kuwa da littafin 'yan makaranta da biro. In ya taso gona, ko ƙafa bai wanke ba, sai gindin dogon yaro, littafi bisa gwiwa. Mi yake rubutawa? Komi! Ranar da ruwan shuka yas sauka. Shekarar da gulbi yac ci gonakin fadama. Yadda jakin maƙwabci yat tsaya tsakiyar hanya yaƙ ƙi motsi har rana tat take. Ba mai biyanai, ba mai karantawa, ko shi bai cika karanta ma kowa ba.

Nakan ce mishi, "Yaya, wai gwamnati ce taɗ ɗauke ka aikin ƙidayar gajimare?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Sadiƙa, abin da ban rubuta ba tsayawa yake a ƙirjina kamar tuwon da ba a bi da ruwa ba. In na rubuta sai in ji ya sauka."

Na taɓa ganinai ya miƙe zumbur daga tabarma yana taka rawa, hula ta faɗi, tsoho da furfura! Nic ce lafiya? Wai tun safe yake neman yadda zai faɗi ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, yanzu ya samu. Nic ce Allah ya sawwaƙe, niw wuce da tsintsiyata. Amma gaskiya ban taɓa ganin mutum na murna irin wannan ba, ko ranar da rumbu yac cika.

Daminar da matatai Halimatu tak kwanta ciwo, wata huɗu yana zaune kusa da ita yana rubuta duk abin da tac ce, har da gorin da take mishi kan rubutun. Da tar rasu, littafin nan guda yaz zame mishi ita. In kewa ta taso sai ya shige ɗaki ya buɗe, in jiwo shi yana murmushi da sauti kamar suna hira.

Sai mutanen daji sunka zo, duniya tac canza. Sunka kwashe shanu, sunka riƙa ɗaukar mutane a gona da rana tsaka. Wata safiya ta kasuwa sunka tare motar da Yaya ke ciki, sunka lalube aljihunai, sai ga littafi da biro. A wurinsu mai rubutu ɗan leƙen asirin soja ne, ba wata magana. Sunka ce ya karanta. Yab buɗe, Allah yas sa shafin labarin wata kuka ce da tsawa taf faɗa ma. Sunka yi dariya, sannan sunka bi yatsunai biyu da gindin bindiga. Babbansu yac ce, duk ranar da soja sunka shigo dajin nan, garin mai littafi za su fara ƙonewa.

Da la'asar dattawa sunka cika zaurenmu. Na'Allah mai unguwa, abokin Yaya tun suna kiwon awaki tare, shi yay yi magana, kanai ƙasa. Yac ce, "Labbo, don girman Allah. In mutanen daji sunka shigo gari sunka iske takardun nan, ba kai ɗai za su taɓa ba. Da mata da ɗiya a garin nan."

Yaya bai yi musu ba, don ya san gaskiya ce. Yas shigo gida da hannu a ɗaure, yaj jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, littafi talatin da huɗu. Yac ce, "Sadiƙa, ni ba ni iyawa. Ki sa su a murhu." Yaf fita.

Wayyo ni! Ni da nike mishi ba'a shekara da shekaru, ni ce nid dafa tuwo da su kwana ukku. Ina yagawa ina turawa ƙarƙashin tukunya, hawaye na zuba, ba na hayaƙi ba. Tuwon kuwa, Yaya ko loma bai kai baki ba.

Amma na yi wayo, ko in ce na zaci na yi. Nic ce wallahi littafin Halimatu ba ya shiga wuta. To ni boko ban san ko baƙi ɗaya ba. Sai niz zaɓi wanda bangonai yaf fi tsufa, gefen takardu duk ya yi baƙi da shafar hannu. Nic ce ai wanda yaf fi buɗewa ke nan, shi ne nata. Nin naɗe shi a leda, nit tura can cikin gero a rumbu.

Daga nan Yaya yak koma wani iri. Yana zuwa gona, yana salla, amma magana ta ƙare. Yatsun sun warke a karkace. Sai ka gan shi gindin dogon yaro yana rubutu da tsinke bisa ƙasa, in ya ji takun mutum ya shafe da ƙafa. Wata rana yac ce mini, "Sadiƙa, ranar da Halimatu tac ce a fito da ita ta ga ruwa, akwai abin da taf faɗa. Ina ta nema, ya ɓace mini."

Zuciyata tay yi fari tas. Nij ja shi bayan rumbu, nit tono ledar, nim miƙa mishi. Yab buɗe, yad daɗe yana kallo, sannan yaz zauna ƙasa daɓas.

Yac ce, "Wannan ba nata ba ne."

Ashe littafin mutanen da anka ɗauke ne. Suna da rana, da gonar da anka iske kowa, da yawan baburan da sunka zo, da hanyar da sunka bi. Shi yas sa littafin yat tsufa da wuri, kusan kullum sai an ƙara suna. Cikin talatin da huɗu, shi ɗai ne zai iya sa a ƙone gari, shi kuma nit tsirar. Na Halimatu tuni na dafa tuwo da shi.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Yat tashi yan nufi murhu da ƙafatai. Yak karanta sunayen a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har da na Shamsu ɗana, sannan yat tura littafin cikin wuta da karkatattun yatsun nan.

Yanzu damina biyu ke nan. Mutanen daji na nan, soja ba su zo ba, Shamsu bai komo ba. Yaya har yau yana zama gindin dogon yaro da tsinkenai, wani lokaci ma in hango bakinai na motsi yana murmushi, ya samo wata magana da tay yi mishi daɗi. In anka kira salla yakan manta bai shafe ba. Sai in ɗauko tsintsiya in tsaya kan rubutun, ban san ko maganar Halimatu ce tad dawo mishi ba, in share.