Ranar da Sarkin Sin Ya Ƙi Sallamawa

Shekarata ta biyu ina koyarwa a lakwal a Malbaza, samariyar garin ta roƙe ni in shirya musu wasan kwaikwayon da za su kai gasa Konni. Ni kuwa lokacin kaina cike yake da tarihi, ina ganin babu kamata. Na zaɓi labarin yadda Turawa suka tilasta wa mutanen Sin sayen wani baƙin abin maye a bakin igwa, don su riƙa kwasar shayinsu.

Ni na fito a Bature. Na shafe fuska da allin aji, na ɗaura matashi a ciki, muka naɗe kwali muka yi igwa. Sarkin Sin kuwa wani manomin albasa ne, dogo, mai bakin ciniki. Aikinsa bai da wuya. Zan ajiye akwati in ce ya saya, ya ce albarka sau biyu, in juyo da igwa, ya durƙusa ya ce ya sallama. Mako uku muna gwaji, bai taɓa kuskure ba.

Ranar gasa filin ya cika, yawanci ƴan kasuwa da manoma. Na fito ina tinƙaho, ina bayanin cewa don ƙaunar ciniki na zo da bindiga, mutane suna ta dariya. Na ajiye akwati, Sarkin Sin ya ce albarka, ya sake. Na juyo da igwa.

Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya ce, "Albarka."

Na matsa na raɗa masa, "Durƙusa mana!"

Ya ɗaga murya: "Nasara, kayana na, ƙasata ta. Ɗauki tsiyarka ka yi gaba!"

Filin ya kaure da sowa. Gumi ya wanke mini alli, raina ya ɓaci ƙwarai. Na harba igwa da baki har sau uku, mutumin nan ko gezau. Da na rasa abin yi, na ɗauki akwatina a ka na fita, ana yi mini eho. Alƙalan gasa suka ce mun ɓata tarihi, suka ajiye mu a ƙarshe.

A bayan mota muna komawa na sauke masa kwandon faɗa. Na ce littafi ya ce an ci su da yaƙi, shi wane ne da zai gyara? Ya bari sai da na gaji.

"Mushe," ya ce, yadda suke kiran malamin lakwal, "bana albasata tana ruɓewa bakin hanya, mai mota guda ɗai ya zo saye. Abin da ya yanka shi na amsa, gaban mutanen ga da ka gani. Ko cikin wasa ma sai in sallama?"

Har muka wuce Tsarnawa muka isa gida, ban sake tayar da maganar ba.