Yatsun Yayana

A gidanmu na Birni, babban ɗa shi ake koya wa dukanci. Yayana ya zauna gefen Baba ya koyi ɗinkin jar fata, ni kuwa aka tura ni lakwal, wato makarantar boko.

Sai ƙwallo ta shiga ransa. Ya zama mai tsaron raga na ƙungiyar unguwarmu, ƙungiyar da ko ƙauyen Gaffati ta je sai ta sha kashi. Safar hannu babu, filin kuwa tsakuwa ce zalla. Duk wasa sai ya dawo da targaɗe, a kai shi wurin mai ɗori, a ja yatsa yana ihu, bayan kwana biyu ya koma raga. Haushi yake ba ni har yau.

Baba bai taɓa yi masa faɗa ba. Sai dai ya kama hannun ya jujjuya, ya ce, "Wannan ba naka ba ne kai kaɗai."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Baba, bana kaɗai, sai in dawo rumfa."

Banar nan ba ta ƙare ba. Da gwiwa ta ƙi, 'yan ƙungiyar suka mai da shi mai horar da su, suna kiransa antiranar, yana hura usur yana zagin 'yan baya. Ƙungiyar ba ta hau ko'ina ba. Idan ƙwallonsu ta fashe, Baba yake kawo wa, tsoho ya ɗinke.

Da Baba ya rasu, aka miƙa wa Yaya basilla da wuƙa, yadda aka saba. Ba a daɗe ba ƙwallon ta sake yagewa, ana gobe za su wasa a Gidimuni. Na same shi da hantsi a rumfar Baba, ƙwallo a cinya. Ɗinkin yana nan a kansa, na ga bakinsa yana motsi. Amma yatsun sun karkace, sun ƙi riƙe basillar. Ta faɗi, ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Tsoro ya kama ni.

Ya ɗago ya ce, "Ƙanena, zo ka gwada, zan gaya maka."

Na ce, "Yaya, ni ko zare ban iya sakawa ba."

 Sai ya sa ƙwallon a buhu don kada maƙwabta su gani, ya nufi tasha, wurin wani baƙo mai gyaran takalma.