Batulu da Gishirin Awe

Batulu mai daddawa ba ta taɓa sayen kalwa ba sai ta tura hannu har gindin kwando. Mutanen Lafiya suna cewa zargi ya yi mata yawa, ita kuwa ko a jikinta.

A shekarun da Turawa suka fara shigowa, mijinta Kyari ya kora jakuna zuwa Awe fataucin gishiri. Damina uku ba shi ba labarinsa. Da tura ta kai bango, ta kai ƙara gaban alƙali a raba auren.

Alƙali ya ce ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa sai an kira shi sau uku. Sau uku aka aiki Mahmuda, manzon alƙali, sau uku yana dawowa da magana guda: ya karaɗe Awe, babu Kyari. Aka raba auren, aka sa ranar da za ta koma a tabbatar da hukuncin.

Abin da take nema ke nan, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Kowa ya sani ba a zuwa Awe a dawo hannu rabbana. Ko matsiyaci sai ya ƙullo gishiri ya raba wa maƙwabta. Matar Mahmuda kuwa, kwana biyu da dawowarsa, sai ga ta tana roƙon gishirin miya a maƙwabta. Ga shi kuma ya tsiri bi ta rumfar Batulu yana doguwar gaisuwa, hula a karkace. Mutumin da ya yi tafiyar kwanaki, ko faso babu a ƙafarsa!

Ta san idan ta yi magana hukuncin ya rushe, ta koma zaman jiran da ta tsana. Tsoro ya kama ta ƙwarai.

Ranar komawa alƙali ya tambaye ta, "Batulu, kina da abin cewa kafin in rufe?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, a tambayi manzo ina gishirin da ya kawo."

Mahmuda ya fara inda-inda. Alƙali ya dube shi, ya janye hukuncin, ya aiki wani dattijo.

Bayan kwana goma dattijon ya dawo da ƙullin gishiri da hular Kyari. Ya ce ya same shi kwance a wata bukka bayan Awe, jaki ya faɗa masa ya karya masa ƙugu, matan da ke dafa gishiri ke ciyar da shi. Sau biyu Kyari yana aiko saƙo wurin alƙali ta bakin fatake, a hannun Mahmuda saƙon yake mutuwa.

Alƙali ya ce, "Har yanzu kina da haƙƙin rabuwa, tunda ba ya iya ciyar da ke. Kina so?"

Batulu ta juya hular, ta ga ɗinkin hannunta a bakinta. Ta ce, "A ara mini jaki. Ni ban yarda kowa ya sake zuwa ba, da kaina zan je."